Maki Arba'in da Ɗaya a Rigar Lubabatu

Tamada ba ta taɓa faɗin sunan ɗiyarta ta fari ba. Shekara goma sha bakwai ke nan tana kiranta "ke", in kuwa da wani take magana sai ta ce "waccan". Haka uwarta tay yi da babban wansu, haka ita ma tat taso tag gani, kuma ba ta ga dalilin da zai sa a kanta a fara rashin kunya ba. Sunan yarinyar Zulai'atu. Duk Yelwa an san shi, don tun da anka fara ƙwallon kwando a makarantar 'yan mata ba a yi mai jefa ƙwallo kamarta ba.

Shekara ukku da sunka wuce, in 'yan matan nan suna wasa, daga awakin maigadi sai masu tallar ruwa ke kallo. Bana kuwa sai wanda yag gani. 'Yan kabu-kabu na barin layi su zo, masu shaguna na jan ƙofa, matan aure na aiken ƙannensu su ɗauko musu wasan a waya. In ka shiga lungu sai ka tarar yara mata sun fasa gindin tsohon bokiti, sun ɗaure shi a icen darbejiya, suna jifa da ƙwallon tsumma. Har rediyo ke faɗin wance ta ci kaza, wance ta ci kaza.

Tamada ba kallo take zuwa ba, talla take kaiwa. Haka take faɗi. Takan aje tiren soyayyen kifi da gyaɗa a gindin mangwaro, daidai inda ake hangen kwandon, ta ba fili rabin baya. In waccan ta jefa ta shiga, sai ta ɗauki gyaɗa biyu daga tire ta sa a haɓar zane. In daga nesa ne, ukku. In na tsayuwa ne da alƙali ke bayarwa, ɗaya. Ba wanda yat taɓa lura.

Ran Asabar ɗin da za a kara da 'yan Wara a wasan ƙarshe, Lubabatu taz zo da sassafe don su tafi tare. Lubabatu ɗiyar Hasiya ce, yayar Tamada uwa ɗaya uba ɗaya. Ita ma tana cikin 'yan wasan, sai dai gajera ce, yawanci a benci take ƙarewa. Sunka shiga ɗaki sunka sa kaya. Da Zulai taf fito tad duƙa tana ɗaure takalmi, Tamada tag ga rigar wasan ta tsaya mata a ƙugu. Yarinyar ta ƙara tsawo tun bara, rigar ba ta bi ta ba. Ta Lubabatu kuwa har kusa da gwiwa.

"Ke, haka za ki fita gaban mazan garin nan?"

"Inna, akwai ta ciki mai dogon hannu. Ga wando har ƙasa."

"Ban tambaye ki ta ciki ba. Lubabatu, tuɓe taki ki ba ta. Ke kina iyo cikin riga, ita tana neman ficewa daga tata."

"Inna, lambar fa," in ji Zulai. "Tawa bakwai, tata sha biyu. Da lamba ake..."

"Lamba ce za ta rufe miki jiki? Ko ki sa wagga, ko yau ki zauna ki taya ni gyaran kifi. Zaɓi."

'Yan matan sunka dubi juna. Lubabatu tac ce, "Bari kawai, in mun je mu gaya wa Koci." Sunka sauya.

Ba su samu gaya wa kowa ba. Hanyar makaranta ta cushe, motoci biyu cike da mutanen Wara sun tare ƙofa, sai da sunka kutsa. Kocin, wato Malam Yusha'u, malamin da ke koyar da su wasan, shina can shina korar mutane daga kan layi da bulala, ya riga ya miƙa sunayen yaranshi da lambobinsu a tebur. A teburin akwai wata mata mai tabarau da anka turo daga Birnin Kebbi, Madam Grace, ita ke rubuta makin kowa. An daɗe ana faɗin cewa bana wadda taf fi kowa ci a wasan ƙarshe za a kai ta wajen horo a Kaduna, a ci gaba da karatunta can. Anka busa usur.

Ranar nan hannun Zulai kamar an yi mishi addu'a. Ta dama ta jefa, ta hagu ta jefa. 'Yan Wara sunka sa mata mutum biyu, daga baya ukku, tana miƙa hannu bisa kansu tana sakawa. Tamada tana ba mai saye kifi da hannu ɗaya, ɗayan shina kai da kawowa tsakanin tire da haɓar zane, har ƙullin yay yi nauyi shina bugun cinyarta. Da anka tashi, Yelwa na da sittin da ukku, Wara hamsin da takwas. Tas sunkuya kamar mai gyara tire, tak kwance ƙullin, tal lissafa. Arba'in da ɗaya.

Sai lasifika tay yi ƙara.

"Jama'a, an kafa tarihi a garin Yelwa! Tun da anka fara gasar nan ba a taɓa wuce maki talatin da huɗu ba. Yau lamba goma sha biyu, Lubabatu Habibu, ta ci arba'in da ɗaya!"

Wasu na kusa da fili sunka dubi juna, wani yac ce "Wa?" Amma ganga ta riga ta ɗauka, 'yan kabu-kabu na danna ham, an ɗaga kofi sama ana gudu da shi. Tamada taj juya. Tat tambayi wata da ke tsaye da kifi a hannu, "Wa sunka ce?"

"Ɗiyar yayarki. Barka, Tamada! Duk gida ne."

Da la'asar tat tarar da Zulai a tsakar gida ta wanke rigar, ta shanya, tana zaune kan turmi tana kallon ruwan da ke ɗiga.

"Ke, mi ke nan nij ji a lasifika?"

"Matar tebur ba ta san mu ba, Inna. Lamba take gani, ta duba sunan da ke gaban lambar, ta rubuta."

"To a je a gaya mata."

"Koci ya ce mu yi shiru. In an ji mun sauya riga ba mu sanar da tebur ba, ana iya karɓe kofin a ba Wara."

"Kadunar fa?"

"Sunan da ke takarda shi ke zuwa."

Ba ta ɗaga murya ba, ba ta ce Inna ke kinka ja ba. Da ta faɗi, da Tamada ta samu abin yi wa faɗa. Sai yarinyar tat tashi taɗ ɗauki tsintsiya tash shiga sharar gidan da anka riga anka share da safe.

Umaru, uban yarinyar, shina can cikin tafki wajen kamun kifi, sati biyu ke nan, inda waya ba ta shiga. Ba mai zuwa ko'ina a madadinta. Ran Lahadi da hantsi tay yafa gyale tan nufi gidan Malam Yusha'u. Tat tarar da shi a zaure da abokai, ana ta maida labarin jiya. Da yag gan ta fara'arshi tar ragu. Yaf fito yaj ja ta gefe, bakin katanga.

"Inna Tamada, na san abin da ke tafe da ke."

"To ka rage mini wahala."

"Wallahi sai da anka yi nisa na lura. Na duba na ga sha biyu ta yi tsawo. A lokacin in na je tebur, 'yan Wara na kusa, sai su ji. Kin san su."

"Ban san su ba. Na san yarinyar da taj jefa."

"Kowa ya san wadda taj jefa! Amma ki duba, garin nan bai taɓa cin kofi a wani abu ba. Jiya har bakin ruwa anka kai shi, masunta na taɓawa. Mutanen da da ba su barin ɗiyansu su sa wando, yau su ke zuwa suna roƙona in ɗauke su. In an karɓe shi a kan riga, ni za a jefa, ba ke ba. Ki rufa mini asiri. Baɗi ta sake ci."

"Baɗi ta gama makaranta, Malam. Kai ka fi ni sani."

Yam murza hula.

"Kuma dai abin bai fita gida ba," yac ce. "Lubabatu ba ɗiyarki ba ce? Gobe ƙarfe tara Madam za ta hau mota, in takarda ta isa Birnin Kebbi magana ta mutu. Kwana ɗaya ne, ki daure."

Taj ji ƙarfe tara, tar riƙe. Sauran maganar kuwa, ta cewa abin bai fita gida ba, ita ce taf fi tsaya mata a wuya, don akwai abin da Malam Yusha'u bai sani ba.

Lokacin da anka haifi Zulai, Tamada ta kwanta ciwo, zazzaɓin da yak kusa tafiya da ita, nono yaƙ ƙafe. Hasiya na da goyon Lubabatu wata biyu. Taz zo taɗ ɗauki jinjirar, ba wanda yar roƙe ta, tat tafi da ita. Wata goma sha ɗaya tana shayar da biyu, wagga a dama waccan a hagu, har ƙasusuwan wuyanta sunka fito, mijinta na faɗa tana ƙyale shi. Duk ƙarfin da ke hannun nan mai jefa ƙwallo, daga jikin Hasiya yaf fara. Tun daga ranar, duk bandar da Tamada tas sauke, manyan tarwaɗun farko gidan Hasiya suke zuwa. Shekara goma sha bakwai, kuma ita kanta ta san ko kusa ba ta kamo ba. Akwai abin da ake ramawa, nono ba ya ciki.

Daga gidan malamin tam miƙe gidan Hasiya. Tac ce a ranta, in faɗa mata mu biyu, ita ce babba, ta yanke.

Tun daga bakin lungu taj ji ƙamshin mai. Yara sun yi layi a ƙofa da kwanoni. Hasiya, wadda ciwon gwiwa yah hana ta fita shekara biyu, tana zaune kan kujera 'yar tsuguno gaban tanda, tana toya masar sadaka, maƙwabta biyu na taya ta. Ga rediyo a gefenta.

"Ga 'yar baƙin ciki!" in ji Hasiya tana dariya. "Sai yanzu? Bare sun zo barka tun jiya, ƙanwata sai da rana ta take."

"Yaya, ina wuni. Ya ƙafar?"

"Wace ƙafa? Yau ba ni da ƙafa. Sau ukku sunka faɗi sunanta a akwatin nan, har da na ubanta, Allah shi jiƙan shi. Ni da nike cewa gajeruwar nan ɓata takalmi kawai take! Zauna nan. Ke kina can, kin gani da idonki. Faɗa mini yadda tay yi."

Tamada taz zauna. Maƙwabtan sunka tsaida hannu suna saurare. Ta ƙofar ɗaki tah hangi Lubabatu zaune a bakin gado, ta haɗa kai da gwiwa.

"An yi wasa," tac ce. "Mutane sun yi yawa."

"Ke dai ba ki iya labari ba tun kina yarinya. Ta nesa nawa taj jefa?"

"Ta nesa... biyar."

"Kun ji! Biyar!" Hasiya tar rangaɗa guɗa, muryar na rawa irin ta wadda tad daɗe ba ta yi ba. Sannan tak kama hannun Tamada da hannunta mai maiƙo. "Kada taki ta sa abin a rai, kin ji. Kowa da ranarshi. Ki ce mata Innarta ta ce ta zo ta ci masa. Wagga ma tun jiya ba ta ci komi ba, murna ta toshe mata ciki."

Maganar tana bakin Tamada, har ta buɗe shi. Tad dubi tandar, tad dubi yaran da ke layi, tad dubi idon yayarta. Tac ce, "Allah shi sanya albarka." Anka ƙulla mata masa a leda, tat taso da ita kamar ta ɗauko garwashi.

Ran Litinin da safe Zulai tas sa kayan makaranta, tab bar kokonta rabi. Kafin ta fita tak kira ɗiyar maƙwabta ta kan katanga, tam miƙa mata takalman wasanta.

"Sun yi miki yawa, ki cusa tsumma a gaba."

"Ke, mi kike yi?" in ji Tamada.

"Sun matse ni, Inna."

Ba su matse ta ba, da sallar bara anka saye su da rata. Taf fita. Tamada tat tsaya a tsakar gida, kifin da taj jiƙa da gishiri na jiranta a daro, ƙuda sun fara taruwa. Tad dubi inda rana tak kai a jikin katanga. Tar rufe daron da faifai, tay yafa gyale.

Tafiya take tana tsara magana tana rushewa. In ta faɗi, gari zai ce ta zubar da kofi don son ɗiya, uwar da ba ta da kunya. In ba ta faɗi ba, ita tat tuɓe wa yarinya rabonta da hannunta, a tsakar gidanta, a kan tsawon riga. Kowane mai babur yaw wuce da ƙyallen makarantar ɗaure a madubi sai gabanta ya faɗi.

A tasha motar Birnin Kebbi ta kusa cika, ana ɗaure kaya a but. Madam Grace na zaune a benci ƙarƙashin rumfa, jaka a cinya. Tamada tay yi taku biyu tat tsaya cik.

Hasiya na zaune kusa da ita, sandarta a jingine. An ɗauko ta a keke mai ƙafa ukku. Ga kwali cike da bandar kifi a gaban Madam, ga Lubabatu durƙushe a ƙasa cikin dogon hijabi, tana riƙe da ƙananan hotunan da anka ce ta kawo.

"A'a, Tamada!" in ji Hasiya. "Madam, ƙanwata ce. Kin zo rakiya? Kin kyauta."

Da akwai hanyar komawa da ta koma. Direba ya riga ya tada mota. Tam matso, tad durƙusa, tag gaida Madam.

"Ranki shi daɗe, magana ce da ni a kan rigar nan."

"Wace riga, Mama?"

"Mai sha biyu. Wadda tas sa ta shekaranjiya ba mai ita ba ce. Ni nis sauya musu a gida. Ɗaya ta yi gajarta, ga maza. Ban san da lamba ake rubutu ba. Sun gaya mini, ban saurara ba. Laifina ne, ba na yara ba, ba na malaminsu ba."

Masu lodi biyu da ke kusa sunka bar jan igiya. Madam Grace tac cire tabarau.

"Mama, kin san abin da kike faɗa? Kin san abin da zai iya jawowa?"

"An gaya mini."

"Tamada," in ji Hasiya a hankali, "mi kike cewa?"

Tamada ba ta iya duban ta ba. Madam taj juya ga Lubabatu.

"Tun da kika zo kina durƙushe. Miƙe tsaye in gan ki."

Lubabatu tam miƙe. Hotunan sunka zube ƙasa. Madam tad dube ta daga sama har ƙasa, ba ta daɗe ba ta gama.

"Wadda na gani tana jefawa ta fi ki da kai guda," tac ce. "Nawa kika ci?"

"Huɗu," in ji Lubabatu, sai kuka yaƙ ƙwace mata, tar rufe fuska da hijabi.

Direba yad danna ham. "Madam, ke kaɗai muke jira!"

"Ka jira." Tab buɗe jaka taf fiddo takarda da biro. "To, Mama. Ita doguwar, 'yarki ce?"

"Ta gidanmu ce."

"Sunanta?"

Tamada tab buɗe baki. Sunan na nan, ta san shi tun ranar da liman yar raɗa shi, amma harshenta bai taɓa ɗaukar shi ba. Ga maza tsaye, ga yayarta.

"Mai lamba bakwai," tac ce.

"Jerin sunayen yana cikin akwati, an ɗaure shi a ƙarƙashin kaya. Kuma yau na ga inda lamba ta kai ni. Suna nake so daga bakin mutum, da na uba. Ba ki san sunan 'yarki ba?"

"Ta fari ce, ranki shi daɗe."

Madam tay yi ajiyar zuciya, tad dubi mazan da sunka taru. "Wa ya san sunan yarinyar nan a cikinku?"

Ɗan kamashon da shekaranjiya yash shaƙe murya wajen kiran sunan a bakin fili yas sunkuya shina gyara igiyar da ba ta kwance ba. Wani yak kama kallon tayar mota. Kowa ya gane in suna ya hau takarda, kofi na iya sauka.

"Ba zan rubuta 'ta gidanmu' ba," in ji Madam, tas soma maida murfin biro.

"Zulai'atu Umaru."

Hasiya ce. Ba ta dubi kowa ba, gabanta take kallo, hannunta biyu a kan sanda.

"Rubuta. Zulai'atu Umaru. Ni nish shayar da ita, ni ina iya faɗi."

Madam tar rubuta, tak karanta a fili, Hasiya tag gyaɗa kai.

"Ku saurara," in ji Madam. "Takardar wasa ba ni da ikon gogewa. Zan rubuta abin da ya faru a bayanta, kwamiti ya zauna. Ko su bar muku kofin, ko su karɓe, ko su soke makin gaba ɗaya, ban sani ba, kada wanda ya ce na yi alkawari. Amma wadda za ta Kaduna ni ke miƙa sunanta, kuma wadda na ga tana jefawa nake so. Ta kawo hotuna ofishinmu kafin Alhamis ta sama." Tad dubi kwalin. "Mama, kifinki."

"Tafi da shi," in ji Hasiya. "Ba a maida kyauta gida."

Mota tat tashi. Kafin ta fita ƙofar tasha, Tamada tag ga mutum ukku da waya a kunne.

Lubabatu tat tsince hotunanta, tak kira mai keke. Tamada tam miƙa hannu za ta taimaka wa yayarta ta tashi, Hasiya tad dafa sanda tat tashi da kanta, a hankali, gwiwar na ƙara.

"Yaya..."

"Jiya kina zaune gabana," in ji Hasiya. "A gidana. Da kin ja ni ɗaki kin faɗa mini, da ni da kaina zan aiko a gyara. Kinka bar ni ina guɗa. Kinka karɓi masa. Kinka bari sai nan, gaban masu lodin mota."

"Na kasa, Yaya."

"Na ga kin kasa." Tah hau keken da ƙyar, taj jawo ƙafar da hannu. "Ki ce wa yarinyar ta zo in gan ta kafin ta tafi. Ita kaɗai."

Tamada tab bi ta bayan kasuwa tak koma gida, don kada ta ratsa layin 'yan kabu-kabu. Taz zauna gaban daro tana gyaran kifi. Ko azahar ba a kira ba sai ga Zulai ta shigo, jaka a hannu, idanu jawur.

"An tashe ku?"

"A'a. 'Yan wasanmu ba mai yi mini magana. Wai an ce kin je tasha."

"Na je. Za ki ɗauki hoto yau. Kafin Alhamis ta sama ake so a Birnin Kebbi."

Yarinyar tat tsaya kamar ba ta ji ba. Sannan tas sauke jakar a hankali.

"Kofin fa, Inna?"

"Ban sani ba."

"Inna Hasiya?"

Tamada tac ci gaba da kankare ɓawon kifi. Daga waje taj ji babura sun tsaya, ba ɗaya ba, ba biyu ba. Anka kashe su. Sai muryar Malam Yusha'u a ƙofar zaure, shina sallama, wasu muryoyin na bayanshi.

"Shiga ɗaki," tac ce. "Kada ki fito sai na kira ki."

Taw wanke hannu a buta, taƙ ƙara ɗaure zane, taj jawo gyale daga kan igiya.

"Wa alaikumus salam," tac ce. "Ga ni nan fitowa."